Kano ko Abuja? Lissafin da Muka Yi wa Malaminmu



Babban titin da ya bi ta garinmu Zariya, in ka yi arewa da shi Kano za ka faɗa, in kuma ka yi kudu ka wuce Kaduna, sai Abuja. Kullum muna ganin motoci suna wucewa, amma ba mu taɓa zaton zaɓen inda mutum zai dosa zai iya hana shi barci ba, sai a wannan zangon karatu.

Malaminmu na lissafi ɗan bautar ƙasa ne, kuma saura makonni kaɗan ya gama. Fannin akanta ya karanta a jami'a. Ya yi sa'a ya samu aiki har guda biyu, ɗaya a wani ofis a Abuja, ɗaya a wani kamfani a Kano. Bai yi aure ba tukuna, amma akwai nauyi a kansa. Mahaifiyarsa tana jihar Katsina, kuma shi ake jira ya riƙa biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta. Ranar da ya tambaye mu a aji ina ya kamata ya tafi, kusan dukkanmu muka ce Abuja, domin albashin can ya fi tsoka. Sai ya yi murmushi ya miƙo mana alli, ya ce mu fito mu nuna masa a allo. Da izininsa muka kawo muku abin da muka gano.

Garuruwan biyu

Abuja sabon birni ne. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, kuma a ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Sai da aka zana birnin a takarda sannan aka gina shi. A can ne fadar shugaban ƙasa take, da Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da Kotun Ƙoli, da Babban Bankin Najeriya, da ma'aikatun tarayya da ofisoshin jakadancin ƙasashen waje. Saboda haka Abuja garin aikin ofis ne.

Kano kuwa tsohon birni ne na kasuwanci. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A yau ga Kantin Kwari ta yadi da atamfa, ga Dawanau ta hatsi, ga Singa ta kayan masarufi, ga Sabon Gari. Akwai kuma masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. A ƙidayar 2006 jihar Kano tana da mutum kusan miliyan 9.4, yankin Abuja kuma kusan miliyan 1.4, kuma dukkansu sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Akanta yana da amfani a garuruwan biyu, domin duk inda kuɗi yake shiga yana fita, ana buƙatar mai riƙe lissafi.

Wurin kwana

Abu na farko da Malam ya sa muka rubuta shi ne haya. A tsakiyar Abuja, a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse, haya ta fi ƙarfin sabon ma'aikaci. Shi ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suke zama a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya ko Karu. Wasu ma ba a cikin Abuja suke kwana ba, suna Mararaba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja, kullum da safe su shigo, da yamma su koma.

Mun kuma koyi cewa galibi ba wata-wata ake biyan haya ba. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, kuma ga la'adar dillali a kai. Wato kafin mutum ya karɓi albashinsa na farko, sai ya nemo kuɗin haya na wata goma sha biyu. Wanda ba shi da ajiya, da bashi zai fara aiki. A Kano ma haka tsarin yake, sai dai ɗaki irin wannan ya fi sauƙin kuɗi, kuma ana iya samunsa kusa da wurin aiki.

Kuɗin mota da lokaci

Arhar haya a bayan gari tana da nata kuɗin. Wanda ya zauna nesa zai biya a mota abin da ya rage a haya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi ko'ina a ƙasar nan. A tsakiyar Abuja an hana acaɓa, saboda haka sai tasi ko bas, kuma sau da yawa sai an hau biyu kafin a isa ofis. Hanyar Mararaba zuwa Nyanya ta yi suna wajen cunkoso, har wasu sukan fito tun da asuba don kada su makara. A Kano ma akwai cunkoso, musamman a bakin kasuwanni, amma A Daidaita Sahu tana shiga kusan kowace unguwa.

Lokaci ma dukiya ne. Mun lissafa cewa wanda yake ɓata awa uku a hanya kullum, a kwanaki 22 na aiki ya ɓata awa 66 a wata. Wannan ya kusa kwana uku cur a cikin mota.

Lissafinmu a allo

Lambobin da ke ƙasa misali ne kawai muka ƙaddara a aji don mu ga yadda ake lissafin. Duk mai irin wannan zaɓi sai ya tambayo farashin ranar da kansa.

Mu ce albashin Abuja naira 250,000 ne a wata. Haya, in an raba ta shekara gida goma sha biyu, 80,000. Mota 55,000. Abinci 70,000. Wuta da ruwa da katin waya 15,000. Jimla 220,000. Abin da ya rage 30,000.

Mu ce albashin Kano naira 180,000 ne. Haya 30,000. Mota 22,000. Abinci 50,000. Wuta da ruwa da katin waya 15,000. Jimla 117,000. Abin da ya rage 63,000.

Da muka ja layi, ajin ya yi tsit. Albashin Abuja ya ɗara na Kano da 70,000, amma abin da zai rage a aljihu ya gaza na Kano da 33,000. Kuma daga wannan ragowar ce za a aika wa Inna, a biya kuɗin makarantar ƙanne, a ɗan ajiye na aure. A nan muka gane cewa ragowa ake dubawa kafin a yi murna da albashi.

Sai muka juya gaba ɗaya muka ce Kano. Malam ya ce mu dakata. Ya tambaye mu, da a ce yana da gwaggo a Karu mai ɗakin da ba kowa a ciki fa? Muka goge 80,000 na haya, sai ragowar Abuja ta koma 110,000, ta wuce ta Kano nesa. Ashe layi ɗaya kawai yana iya juya amsar. Shi ya sa garin da ya dace da wani ba lalle ne ya dace da abokinsa ba.

Zaman wanda ba shi da aure

Mai iyali yana duba makarantar yara da girman gida. Wanda yake shi kaɗai ba shi da wannan, jaka ɗaya ta ishe shi tashi. Amma shi ma yana da nasa matsalolin.

Na farko, akwai masu gidajen da ba sa son ba marar aure haya, namiji ne ko mace, sai in wani babba da suka sani ya tsaya masa. Ga mace abin ya fi tsanani, domin ita har tambayoyin maƙwabta sai ta sha. Na biyu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum, wa zai sayo masa magani, wa zai dama masa kunu? Na uku, wanda ba ya girki zai ƙare albashinsa a wurin masu sayar da abinci. Na huɗu, baƙo bai san inda ake bi da inda ba a bi ba. A Abuja ana kokawa da ɓarayin da suke zuwa da mota kamar ta haya su ɗauki fasinja su yi masa fashi, a Kano kuma ana kokawa da masu ƙwacen waya. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka kafin mutum ya zaɓi birni, ya ƙirga mutanen da zai iya bugawa waya da tsakar dare su zo.

Sai kuma nisa da gida. Daga Kano zuwa Katsina mutum zai iya tafiya ranar Asabar ya dawo Lahadi. Daga Abuja zuwa Kano kaɗai ya haura kilomita 400, kafin a ce an kama hanyar Katsina. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar tana buƙatar kuɗin mota.

Abin da ba ya shiga allo

Wasu 'yan ajinmu sun kawo hujja mai ƙarfi. Sun ce a Abuja manyan ofisoshi suke, don haka wanda ya jure wahalar shekara biyu ko uku zai iya haɗuwa da mutanen da za su buɗe masa ƙofa, ya samu ƙarin girma da wuri. Malam ya yarda da su. Ya ce ya kamata mutum ya tambayi masu ɗaukarsa aiki ko akwai horo, ko akwai ƙarin girma, ko suna taimakawa da gida ko mota, kuma ya ga komai a rubuce. Wasu kuma suka ce a Kano akanta zai iya riƙe wa 'yan kasuwa littattafansu bayan ya tashi daga aiki, har wata rana ya buɗe ofishinsa. Wannan ma gaskiya ne.

Abin da Malam ya zaɓa

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A hutun tsakiyar zango Malam ya je garuruwan biyu. Ya kwana wurin abokinsa a Mararaba, ya fito da sassafe ya bi hanyar ofis kamar ya fara aiki, ya duba agogo, ya rubuta abin da ya kashe. Ya yi haka a Kano ma. Ofishin Abuja sun ce ba sa ba da gida. A Kano kuwa yana da kawu da ya yarda zai tsaya masa wajen mai gida.

A makon jiya ya shaida mana cewa Kano zai tafi. Yana so ya biya wa ƙannensa makaranta ba tare da cin bashi ba, ya kuma zauna jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN. In ya samu wannan takardar, ya ce zai sake duba Abuja da sabon lissafi.

Har yanzu ajinmu bai gama gardama ba. Akwai masu cewa da su ne, da sun runtse ido sun tafi Abuja. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne tambayoyi huɗu: nawa zai rage bayan an biya komai, awa nawa hanya za ta ci, wa mutum yake da shi a garin, kuma ina aikin zai kai shi nan da shekara biyar. Idan kuna da yaya ko ya da ke cikin irin wannan ruɗani, ku kai musu tambayoyin nan. Ku kuma da ku ne, ina za ku nufa? Ku rubuto dalilinku ku jefa a akwatin ƙungiyarmu, za mu liƙa mafi kyau a fitowa ta gaba.

Malam, Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sabon aiki.