Yadda Kalidasa Ya Samo Labarin Shakuntala Daga Mahabarata

Mutanen Hindu suna da manyan waƙoƙi biyu na labarin jarumai da alloli, waɗanda aka tsara da harshen Sanskirit, watau Ramayana da Mahabarata. Ramayana tana da baiti wajen 24,000, Mahabarata kuwa ta kai wajen 100,000, an kasa ta littattafai 18. Ainihin zancen Mahabarata yaƙi ne a kan sarauta tsakanin 'ya'yan wa da na ƙane, amma an saƙa ƙananan labarai masu yawa a cikinta, marubuta kuwa sun yi ta ɗiba tun zamanin da. Misalin da ya fi dacewa a duba shi ne na Kalidasa, mawaƙin da masana suka fi rinjaya a kan ya rayu wajen ƙarni na 5 na Miladiyya.

A cikin littafi na farko na Mahabarata an ce Sarki Dushiyanta ya fita farauta, ya iske wata budurwa, Shakuntala, a mazaunin wani mai zuhudu da ya rene ta. Ta yarda ta aure shi bisa sharaɗin ɗan da za ta haifa shi zai gaje shi. Sarki ya koma gida, ya yi shiru. Da yaron ya shekara 6 ta kai shi fada, sarki ya ce bai san ta ba, alhali kuwa yana sane. Sai da aka ji wata murya daga sama ta gaskata ta, sa'an nan ya karɓe su, ya ce tsoron zargin jama'a ne ya sa shi musu.

Kalidasa ya lura da inda labarin nan ya yi rauni, domin mai sauraro ba zai tausaya wa sarkin da ya musanta matarsa da gangan ba. Saboda haka a cikin wasan kwaikwayonsa mai kashi 7 ya ƙara abu biyu. Na farko, wani mai zuhudu mai saurin fushi, Durbasa, ya zo baƙunta, Shakuntala ta shagala da tunanin mijinta ba ta tarye shi ba, sai ya yi mata baki cewa wanda take tunani zai manta da ita har sai ya ga wata alama. Na biyu, alamar ita ce zoben da sarki ya ba ta, wanda ya faɗa ruwa a hanyarta ta zuwa fada, kifi ya haɗiye. Sa'ad da masunci ya tsinci zoben aka kai wa sarki, sai hankalinsa ya komo, nadama ta kama shi. Da haka laifi ya zama ƙaddara, labarin gardama ya zama na rabuwa da bege. William Jones ya fassara wasan da Turanci a 1789, aka juya shi da Jamusanci a 1791, ya burge Goethe ƙwarai.

Labaran Hindu ba baƙi ba ne a wurin mai karatun Hausa. Littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mai da Larabci wajen shekarar 750, tushensa Pancatantara ne, akwai kuma labaransa da suka fito daga littafi na 12 na Mahabarata, kamar na kyanwa da ɓera. Haka kuma akun nan mai ba da labari a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam yana da dangi a tatsuniyoyi 70 na aku na Sanskirit.

Abin da ya kamata malamin kwalejin horo ya nuna wa ɗalibansa shi ne aron labari ba aibi ba ne, kwafe shi ɗungurungum shi ne aibi. A ba ɗalibi tsohon labari, a tambaye shi: wane hali na mutanen cikinsa ne ba a bayyana dalilinsa ba? Wa aka hana magana? Amsar da ya samo ita ce mafarin nasa labarin, kamar yadda musun Dushiyanta ya zama mafarin na Kalidasa.