Makanikan Giya a Ƙasar Rairayi

Direban da ke jigilar ƴan kasuwa tsakanin ƙauyukan Gidan Amumune da Mayahi ba ya mantawa da baƙin mai. Zai iya gaya maka ranar da ya yi juye na ƙarshe, da shagon da ya sayi galan ɗin, da abin da ya biya. Tambaye shi man giya kuwa, sai ya ɗan yi jim, sannan ya ce ai tun da aka ba shi motar giyarta ba ta taɓa yi masa gardama ba. Wannan amsa ce ke kawo wa makanikan giya na Mayahi da Tasawa da Maraɗi aiki, kuma ita ce ke ɓata wa na kirkin cikinsu rai, domin sun san motar za ta zo hannunsu, amma a ɗaure da igiya a bayan wata.

Ƙasar ce ba ta raga wa mota. Babbar kwalta ta taso daga Maraɗi, ta bi Cadawa da Agye da Gazawa, ta shiga Tasawa ta wuce Damagaram. Da ka sauka daga kanta ka nufi ƙauyukan arewa, wajen Gulbin Kaba da abin da ke bayansa, sai rairayi. Nan ne Hilux da Land Cruiser da tsofaffin akori-kura ke ɗaukar buhunan gero da wake da aya, da ɗaurin kaba da tabarmi, da jajayen awaki, mutane kuma a can sama. Kaya ya fi ƙarfin mota, taya na nutsewa, direba yana kan giya ta ɗaya da ta biyu rabin yini, a watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Inji yana da lagireto da fanka masu sanyaya shi. Akwatin giyar hannu, wanda direbobin Nijar suka fi kira buwat, ba shi da kowa sai ƴan litocin man da ke cikinsa da iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota, kuma motar da ke jan ciki a rairayi ba wata iskar kirki take samu ba.

Ba a shiga sana'ar da aikin giya. Yaron da ubansa ya kawo gareji ya damƙa wa maigida zai daɗe yana wankin noti da gas, yana miƙa sifana, yana kwanciya a kan kwali a ƙarƙashin mota yana riƙe fitila. Sai ya iya sauke akwatin da mayar da shi kafin a bar shi ya buɗe cikinsa. Amma akwai darasin da ake fara ɗora shi a kai tun da wuri, kuma a ganina shi ne ke raba wanda ya koyi aiki da wanda ya koyi kwance ƙarfe kawai: kafin ka kwance notin ƙasa da mai ke fita, fara kwance na gefe da ake zuba mai. Idan na gefen ya cije bayan ka riga ka tsiyaye man, ka bar mai mota da busasshiyar giya a garin da wataƙila babu mai walda. A giyar hannu babu sandar awo. Ana zuba mai ne har ya kawo bakin ramin gefe, yatsa ke shaida.

Man da ya fito shi ne littafin da maigida ke karantawa, tunda wani littafin babu. Motocin nan sun bi hannu uku ko huɗu kafin su iso Mayahi, agogon kilomita ya mutu ko an juya shi baya tun a tashar jirgin ruwa, takardar da ke nuna gyaran da aka yi a Turai kuwa ta daɗe da ɓacewa. Don haka yakan tara man a kwano mai tsabta, ya ɗiba ya murza tsakanin yatsu, ya sunsuna, ya karkata kwanon ga rana. A kan notin ƙasa akwai maganaɗisu. Idan baƙin gari mai laushi ne ya manne masa, wannan cin yau da kullum ne, ba abin tayar da hankali ba. Idan ɓarɓashin ƙarfe ne mai tsini, to haƙori ko boris ya fara karyewa. Idan man yana ƙyallin ruwan zinariya, zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga ne ke cinyewa a hankali, kuma ba da daɗewa ba direba zai fara jin ƙarar gurzawa duk lokacin da ya nemi ta biyu. Idan kuwa man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Wannan aikin damina ne. Akwatin giya da aksul suna da ƴar kafar numfashi a sama. Ƙarfe mai zafi ya faɗa cikin ruwan kwari, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta kafar ko ta bakin roba. Motar da ta tsallaka ruwa mai zurfi a Agusta ba ta jiran cikar wani lissafi, a duba ta a makon.

Akwai kuskuren da ya yaɗu har ya zama al'ada, wato zuba mai guda a ko'ina. A jikin galan ana rubuta kauri, 80W-90 ko 75W-90, sannan ana rubuta GL-4 ko GL-5. Na biyun an ƙara masa sinadarai masu ƙibiritu don ya jure matsin haƙoran aksul, kuma a can ne gidansa. Wasu akwatunan giya suna karɓarsa, wasu kuwa zobbansu na tagulla ba sa shiri da shi. Makaniken da ya san haka yakan tsaya ya karanta galan kafin ya fasa, ko da mai mota yana tsaye a kansa yana cewa, “Maigida, ai duk mai mai ne, zuba mu tafi.”

Abin da ya sauya sana'ar a ƴan shekarun nan shi ne otomatik. Ba sabuwar aba ba ce a duniya, kamfanin General Motors ya fitar da Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940. Amma a nan sai da motocin hannu suka riƙa kwararowa ta Kwatano, Corolla da Camry da RAV4 da Highlander, sannan malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin gunduma suka fara shigowa da ita gari. Tsofaffin makanikai da suka ƙware a Peugeot 504 suka tarar da wata halitta daban. A giyar hannu babban aikin mai shafawa ne. A otomatik shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya a cikin tukunyar da ake kira kwambata, shi ke matse faya-fayan kuloci idan za a sauya giya, shi ke bi ta ƙananan hanyoyi masu siririn baki yana buɗe wannan yana rufe wancan, kuma shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. Shi ya sa ake rina shi ja, don kada a ruɗe shi da wani.

Zafi ne ajalinsa. A wajen digiri 80 yana daɗewa, kuma ƙa'idar da masu harkar mai ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana cinye kusan rabin kwanansa. To dubi abin da ke faruwa idan Highlander ta kafe a tudun rairayi: direba ya taka totur, ya jefa D, ya jefa R, ya sake jefa D, taya na tono, kwambata na juya mai a wuri ɗaya. Minti kaɗan na haka ya isa ya dafa man. Daga ja ya koma ruwan ƙasa, daga nan baƙi mai ƙauri. Makanike ba ya bukatar a ba shi labari, hancinsa ya riga ya gaya masa. Da direban ya sauka ya rage iskar taya, ya haƙa gaban ƙafafun, ya shimfiɗa kaba ko rassa, da ya tsira da kuɗinsa. Haka kuma otomatik ba ta tashi da turi, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyinta na juyawa a ƙasa yana ƙarasa ta, domin famfon da ke zagaya da man ba ya aiki sai inji na kunne.

Juyen otomatik aiki ne na haƙuri. Ana kwance farantin ƙasa, a wanke shi, a goge maganaɗisun da ke kwance a ciki, a cire filta. Wata filtar ragar ƙarfe ce da ke wankuwa, wata kuwa ta ƙyalle ce da ba ta da magani sai sabuwa. A garejin da ƙasansa rairayi ne, iska na kaɗawa, babban abin tsoro shi ne ƙwayar yashi guda ta faɗa ciki, don haka maigida mai kula yakan zaɓi safiya, ya shimfiɗa leda, ya hana yaro goge ciki da tsumma mai zare. Gam ɗin da wasu ke lafta wa bakin faranti a madadin gaskit yakan tsinke ya toshe filtar da aka sa yanzu. Sannan man da ke fita ta faranti bai cika wuce sulusi zuwa rabi ba, sauran yana maƙale a kwambata, shi ya sa mai gaskiya zai ce maka ka yi ƴan kwanaki kana hawa ka dawo a sake. Awo ma da ƙa'idarsa: a yawancin motocin Toyota sai inji na kunne, mai ya ɗumama, mota a kan daidai. Sababbi da dama ma ba su da sandar awon, ana cika su ne ta gefe a wani zafi na musamman.

Nau'in man kuma ya yi yawa. Dexron ya fito a 1967, Dexron III a 1993, Dexron VI a 2005. Toyota tana da T-IV, tana da WS, kuma ba a musanya su. Giyar da ake kira CVT, mai aiki da bel na ƙarfe, nata man daban ne gaba ɗaya. Matatar Soraz ta Damagaram da aka buɗe a 2011 fetur da gas da iskar girki take fitarwa, man giya daga waje yake zuwa, yawanci ta Kano da Katsina ya ƙetaro Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya har zuwa Maris na 2024, ta Benin kuma ta ci gaba da zama a rufe, kayan gyara suka yi tsada suka yi wuya. A irin wannan yanayi ne jabu ke samun kasuwa: tsohon galan, sabon murfi, jan ruwa a ciki. Makaniken kirki yakan riƙe mai shago ɗaya da ya yarda da shi a Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya aika direban da ya sani ya karɓo.

Saura tambayar da kowa ke yi: yaushe ake canzawa? Kamfanoni suna rubuta jadawali biyu, na tafiyar yau da kullum da na aiki mai tsanani. Kamfanin Allison na Amurka, mai ƙera giyar manyan motoci har da irin motocin nan masu ɗaki da gado da ake yawon buɗe ido da su, yana lissafi da nisan tafiya, da watanni, da awannin aiki, duk wanda ya riga cika shi ake bi. Abin da littattafan kamfanonin ke kira tsanani, wato ƙura da zafi da kaya mai nauyi da tafiya a hankali, shi ne ranar kasuwa ta kullum a ƙasar Mayahi. Saboda haka jadawali na biyu ne namu. Ga irin motocin da ke nan, lissafin yakan faɗa wajen kilomita 40,000 ga man giyar hannu da na aksul, na otomatik kuma tsakanin 40,000 da 80,000 gwargwadon mota. Maganar da ake yaɗawa cewa wasu giyoyin an rufe su har abada ba a canza musu mai, ban yarda a ɗauko ta daga titunan Jamus a dasa a Gulbin Kaba ba.

Akwai wata magana kuma da ke hana mutane juye, cewa wane ya canza mai sai giyarsa ta mutu. Yana faruwa, amma ga giyar da ta riga ta ƙone, wadda garin faya-fayanta da ke yawo cikin tsohon mai ne kaɗai ke sa ta kama. Laifin na jinkiri ne, sai dai makanike ne ke shan zagin. Shi ya sa da yawansu, in suka ga baƙin mai mai ƙauri, sukan kira mai mota su nuna masa kwanon kafin su taɓa komai: “Alhaji, duba da idonka. Zan yi, amma ka shaida yadda na same ta.”

Abin da ke damuna shi ne yadda muke biyan wannan sana'a. Wanda ya sauke giya ya baje haƙora a tabarma yana karɓar kuɗi mai kauri, ana yaba masa. Wanda ya hana a kai ga haka, da sifana ɗaya da lita uku na mai, ana yi masa kallon mai neman na goro. Alhali motar asibiti da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare zuwa Mayahi, da wannan ƙaramin aikin take isa.

Tunda agogon kilomita ba abin dogaro ba ne, makanikan da suka san ƙasar sukan ɗaure lissafin da shekara. Motar kasuwa a duba mata giya da aksul biyu da ƙaramin akwatin ƙafa huɗu idan damina ta ɗauke, kafin jigilar kaka ta kankama, a sake leƙawa kafin zafin bazara. A rubuta wata da shekara da nau'in man da fenti a cikin murfin inji, inda direba na gaba da makanike na gaba za su gani. Tsohon man kuma a tara shi a jarka a rufe, kada a tuttular kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.