Yadda A Ke Zama Babban Likita

Idan ciwo ya gagari ƙaramin asibiti a Wurno, ko Raba, ko Goronyo, a kan ɗauki majiyyaci a kai shi Sakkwato. A can akwai likita wanda ba ya fiɗa, ba ya karɓar haihuwa. Aikinsa shi ne cututtukan cikin jiki na manya, kamar hawan jini, da ciwon sukari, da tarin fuka, da ciwon ƙoda. Ya kan zauna ya saurari majiyyaci da haƙuri, ya taɓa shi, ya ɗora abin saurare a ƙirjinsa, ya aika a auna jininsa. Sai ya gane ciwon tukuna ya ke rubuta magani, gama maganin da aka ba da bisa kuskure ya na iya kisa.

To, yaya yaro zai kai wannan matsayi? Bayan firamare zai yi shekara 6 a sakandare, ya dage ga ilmin kimiyya, da lissafi, da Turanci. Daga nan sai jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Nan ma shekara 6 ce. Da fari ya kan koyi sassan jikin mutum, daga baya ya shiga ɗakunan majiyyata ya na bin malamansa gado gado.

Ko ya ci jarrabawa, ba a sakar masa majiyyata nan da nan. Sai hukumar likitoci ta rubuta sunansa, ya yi shekara 1 ƙarƙashin manya, ya yi wata shekarar ta bautar ƙasa. Sa'an nan ya koma asibitin koyarwa, ya ƙara shekara 5 ko 6, ya na kwana kan aiki, ya na karatu. Jarrabawa uku ke gabansa, masu wuya ƙwarai, mutane da yawa kuwa sai sun maimaita. Wanda ya haye su shi ne babban likita. In an ƙidaya daga barin firamare, shekara 20 ke nan ko kusa da haka.

Neman ilmin magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta littattafai a kan magunguna da Larabci, hubbarensa kuwa ya na nan cikin garin.