Man da Ake Mantawa da Shi a Bayan Tarakta

Da ruwan farko ya sauka, mai tarakta daga Nasarawan Doya har Makarfi, Kudan da Ikara ya daina barci. Manoma sun yi layi, kowa so yake a shiga gonarsa kafin ƙasa ta tsane. Direba zai zaro sandar awo ya duba baƙin mai, ya leƙa lagireto, ya sha gas, ya ɗaura kayan aiki ya kama hanya. Wurin da ba kasafai hannunsa ke kaiwa ba shi ne ɗan giyabos ɗin da ke zaune a kan na'urar da ya ɗauro a baya.

Mantuwar tana da dalili. Mun saba da garma da haro da rija, waɗanda jan su kawai ake yi, in an matsa wa boris ɗinsu giris an gama. Rotabeta, mai wuƙaƙen da ke niƙe ƙasa a fadamun shinkafa da tumatir da rake, ba haka take ba. Ita da injin sassabe ƙarfi suke karɓa daga shaf ɗin bayan tarakta, wanda ke juyawa sau 540 a minti ɗaya. Giyabos ne ke karɓar wannan juyi, ya karya shi zuwa gefe da haƙora biyu masu cizon juna a karkace, ya canza masa gudu, ya miƙa wa wuƙaƙe. Mansa daban ne, ba ya haɗuwa da na tarakta ko kaɗan. Irin wannan akwatin ne manoman Kanada ke canza wa mai a injin kwashe dusar ƙanƙara. Su sanyi ke daskarar musu da shi. Mu zafi da ƙura da ruwan fadama ne ke cinye namu.

Man da ake zubawa man giya ne mai kauri, wanda za ka ga an rubuta 80W-90 ko 85W-140 a jikin galan, galibi tare da GL-5. Warinsa ma daban ne, saboda sinadarin da aka sa masa don ya jure matsi tsakanin haƙora. A nan ne nake da ja da masu cewa “mai ai mai ne”, su juye baƙin man da aka sauke daga inji a ciki. Wannan mai ya riga ya mutu, ga shi tsararo. Zai zame daga haƙoran, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, kuma ba za a ji a jika ba sai ranar da ake tsakiyar gonar wani. In littafin na'urar yana nan, abin da ya faɗa shi ne magana. Yawancin kamfanoni na cewa a sauke man farko bayan awa 50 na aiki, domin sabuwar giya tana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara.

Aikin kansa ba ya buƙatar bakanike daga Zariya. A bar na'urar ta ɗan yi aiki man ya yi ɗumi, a kai ta wuri mai daidai, a sauke ta ƙasa, a kashe tarakta a cire makulli. Kada a raina wannan. Juyi 540 a minti yana nufin sau 9 a daƙiƙa ɗaya, kuma in shaf ya kama bakin jallabiya ko hannun riga, babu mai saurin da zai ƙwace. Sai a goge ƙasar da ke kewaye da notunan kafin a taɓa su. A fara kwance notin sama, na zubawa, don kada a sauke mai sannan a tarar ya cije. Daga nan a tara roba a kwance na ƙasa.

Man da ya fito shi ne zai ba ka labarin abin da ke ciki, don haka a tsaya a dube shi. In ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, ko dai ta sil da ya tsufa, ko ta ɗan hancin numfashi da ke saman akwatin, musamman in na'urar ta kwana a waje duk damina ko an wanke ta a rafi. A murza shi tsakanin yatsu a rana. Ƙyalli mai laushi ba abin tsoro ba ne, amma in ka ji tsaki-tsakin ƙarfe, boris ko haƙori ya fara tafiya, gara a buɗe yanzu. Wasu notunan ƙasa suna da maganaɗisu a kai, za ka ga baƙin gari ya manne masa, a goge shi tas. In kuma ɗan kaɗan ne ya ɗigo, to dama akwatin a bushe yake aiki, sai a nemi inda yake yoyo.

Wajen zubawa ma ana kuskure, don wasu gani suke cikawa fal ita ce kulawa. Akwai noti a gefe, ko sandar awo. Da mai ya fara leƙowa ta ramin gefen, ya isa. In ya wuce haka sai ya yi kumfa, ya yi zafi, ya tura sil waje. A zare hancin numfashin a wanke da kananzir, domin ƙurar hunturu da zanzaro kan toshe shi. Rotabeta kuma tana da akwati na biyu a gefe, mai sarƙa ko jerin giya, shi ma da nasa man. Shi ne ma ya fi kusa da laka.

Tsohon man a zuba a jarka a rufe, kada ya je kusa da rijiya ko kwatar da ke gangarawa fadama.

Ni a ganina lokacin wannan aiki shi ne ranar da za a ajiye na'ura bayan an gama aikin shekara. Ruwan da aka bari a ciki watanni zai yi yana cin boris da tsatsa. A lokacin kuma in an ga sil ko boris na neman canji, akwai sararin zuwa Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa a Kano a zaɓo mai kyau a tsanake, babu manomin da ya riga ya biya kuɗi yana tsaye a bakin gona yana jira.