Tsibirin Moris: Bayan Rake da Masaƙu, Sai Me?

A shekarar 1961 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, James Meade, ya rubuta rahoto a kan tsibirin Moris, wanda taswira ke nunawa da sunan Mauritius, can a Tekun Indiya gabas da Madagaska. Abin da ya hango ba shi da daɗin ji. Jama'a na ƙaruwa, ƙasar noma ba ta ƙaruwa, babu ma'adinai, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake fitarwa sukari ne. Meade ba ɗan koyo ba ne, domin a 1977 ya samu kyautar Nobel. Duk da haka hasashensa bai tabbata ba. Ƙasar da ta samu 'yancin kai a 1968, mai mutane kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin a yau, ta shiga sahun gaba a Afirka wajen wadata.

Masu sharhi kan kira wannan abin al'ajabi. Ni ban ga al'ajabi a ciki ba. Abin da na gani shi ne mutanen da suka samu gata daga waje, suka gane cewa zanen aro ba ya rufe katara, suka yi hanzarin ɗinka nasu.

Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba Moris damar sayar wa Turai sukari kimanin tan dubu 500 a kowace shekara, a kan farashin da galibi ya ɗara na kasuwar duniya nesa ba kusa ba. Ba ita kaɗai ta samu irin wannan dama ba. Bambancin yana ga inda kuɗin suka nufa. Gwamnati ta ɗora haraji a kan sukarin da ake fitarwa, masu manyan gonakin rake kuma suka juya ribarsu zuwa masaƙu da otal-otal. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Tun a 1970 gwamnatin Seewoosagur Ramgoolam ta yi dokar da ta sassauta haraji ga masana'antun da ke sarrafa kaya don fitarwa, a 1977 kuma karatun sakandare ya zama kyauta. Da attajiran Hong Kong suka ga an ƙayyade musu yawan tufafin da za su kai Turai da Amurka, sai suka kwaso injinansu zuwa tsibirin, inda suka tarar da ma'aikata masu karatu, akasarinsu mata. Rashin aikin yi da ya kusan kai kashi 20 a farkon shekarun 1980 ya sauko ƙasa da kashi 5 kafin shekarun su ƙare.

Ranar da ake tsoro ta zo. A 2005 aka soke tsarin ƙayyade tufafi, kayan Sin suka mamaye kasuwa. Daga 2006 zuwa 2009 Tarayyar Turai ta zaftare kashi 36 na farashin sukarin. Masaƙu da dama sun rufe, dubban mutane sun rasa aiki, amma ƙasar ba ta durƙushe ba, domin yawon buɗe ido ya riga ya kafu, hada-hadar kuɗin ƙetare kuma an buɗe mata ƙofa tun 1992.

A 2015 Firaminista Anerood Jugnauth ya gabatar da shirin da ya sa wa 2030 ido: cin gajiyar teku, faɗaɗa tashar jiragen ruwa, da mai da tsibirin mashigar jari zuwa Afirka, har ƙasar ta shiga jerin masu babban kuɗin shiga. A Yulin 2020 Bankin Duniya ya sanya ta a jerin. A watan ne kuma jirgin dakon kaya MV Wakashio ya maƙale a kan duwatsun gaɓa, daga baya ya malalar da mai kimanin tan dubu. Annobar korona ta hana baƙi zuwa, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 15, a 2021 aka mayar da ita matakin da ta baro.

Annoba dai ta wuce, baƙi sun dawo. Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar da ƙasar ta fi dogara da ita yanzu, wato hada-hadar kuɗi. Dubban kamfanoni na da rajista a ofisoshin Ebene, alhali harkokinsu na Indiya ko nahiyar Afirka, kuma sauƙin haraji na daga cikin abin da ya kawo su. Wannan ma gata ne na aro, sai dai masu ba da shi a wannan karo ba su kai Turai ƙarfin aljihu ba. Indiya ta sauya yarjejeniyar harajinta da Moris a 2016. Senegal ta soke tata baki ɗaya, bisa ƙorafin cewa kuɗin da ya kamata su shiga baitulmalinta suna zurarewa. Ban ga laifin Senegal ba. Ƙasar da ke son zama ƙofar Afirka ba za ta daɗe tana cin riba daga harajin da maƙwabtanta suka rasa ba.

Sannan ga matsalar da ta juye wa Meade lissafi gaba ɗaya. Shi yawan haihuwa ya ji wa tsoro. Yau haihuwar ta yi ƙasa har ba ta isa ta maye gurbin iyaye ba, matasa masu ilimi na ficewa zuwa Turai da Kanada, masaƙu da wuraren gini kuma na ɗauko ma'aikata daga Bangladesh da Indiya da Madagaska. Tsofaffi na ƙaruwa, kowannensu kuma yana da haƙƙin fansho daga gwamnati ko ya yi aikin albashi ko bai yi ba.

Navin Ramgoolam, ɗan wancan na farko, ya dawo mulki a Nuwamban 2024 da kujeru 60 cikin 62 da aka fafata a kansu, ya ce ya tarar da bashi ya yi wa ƙasar katutu. A kasafin kuɗinsa na farko, a Yunin 2025, ya sanar da cewa sannu a hankali za a ɗaga shekarun fara karɓar fanshon daga 60 zuwa 65. Ƙungiyoyin ƙwadago ba su jira ba, suka fito zanga-zanga a titunan Port Louis, babban birnin ƙasar.