Yadda ake amfani da kalmar incur a takardar ofis

Ma'aikacin da ke neman a biya shi kuɗin da ya kashe a tafiyar aiki daga Sakkwato zuwa Abuja, da ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke karanta sharuɗɗan banki, duk sukan ci karo da kalmar incur. Asalinta daga Latin ne. A Turancin ofis tana nufin nauyi ya hau kan mutum, galibi na kuɗi, sanadiyyar wani abu da ya yi.

Ba a haɗa ta da alheri, sai da ɗawainiya, bashi, tara ko asara. Ɗan kasuwa ya loda albasa zuwa Legas, mota ta lalace a hanya, buhunan ƙasa suka fara ruɓewa saboda zafi: a nan za a rubuta he incurred a loss. In kuwa ya sayar da riba, kalmar ba ta da wurin zama.

Haka kuma ba daidai take da biya ba. Ranar da ka kwana a otal ɗawainiyar ta hau kanka, ko da sai ƙarshen wata za ka biya. Shi ya sa akantoci ke ji da ita.

Sau da yawa wanda nauyin ya hau kansa shi ke zuwa kafin kalmar. Ana ninka harafin r a incurred, kuma a kiyaye ruɗa ta da occur, wadda ke nufin aukuwa. A ganina malaman sakandare su riƙa koyar da ita cikin darasin rubuta wasiƙar ofis.