Kafin a biya kuɗin mota, a fara leƙa ƙarƙashinta

 Yau zancen mota za mu yi. Sau nawa ɗan uwa ya tara gumin shekara biyar ya aiko a sai mota ta riƙe gida, damina biyu kawai ta zama ɗakin kaji?

Yawancin motocin da muke saye na hannu ne, daga Turai ko Amurka. Da ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome. A ƙasashen da suka fito, gishiri ake watsawa a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan shi ke cin ƙarfe daga ƙasa, fenti kuwa yana sama yana sheƙi.

To me za a yi? A je da rana, da tocila, da makaniken da kai ka ɗauko, ba na mai sayarwa ba. A kwanta a duba shasi, da wurin da sifirin ya kama shi, da bututun birki. A ɗaga shimfiɗar ƙafa, a duba ramin safayar taya. Tsatsar sama-sama tana kankaruwa. Amma in ka danna ƙusa ƙarfen ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, haƙura da ita ko nawa aka rage maka. Maganaɗisu ma yana tona asiri: inda ya ƙi kama jikin ƙarfe, galibi an cike rami ne aka shafe.

Nan wajenmu iska busasshiya ce, tsatsa ba ta sauri. Abokan gabanmu su ne laka ta damina, fitsarin tumaki da awaki ranar kasuwa, buhunan takin zamani, gishiri da kanwa, da ruwan batir in ya zuba. A shimfiɗa tamfol kafin lodi, a wanke bayan an sauke, har ƙarƙashi. Inda fenti ya kwarzane, a kankare, a shafa fentin hana tsatsa. Kada a saba ɗura ruwan rijiya zalla a radiyata, yana sa tsatsa daga ciki.

Sai batun wacce ta fi juriya. Ba banza ba Hilux, Land Cruiser da Hiace suka cika tashoshin Dakoro da Maraɗi: suna jure lodi da muguwar hanya, kayan gyaransu na kusa, makanikai sun san su. Haka Peugeot 504 ta yi zamaninta, don a Kaduna ake haɗa ta. Ƙaramar Corolla ba ta shan mai, amma cikinta ƙasa yake, rairayin ƙauye yana kafe ta. Mota mai kwamfuta da yawa kuwa, in ta tsaya tsakanin Kornaka da Dakoro, wa zai taɓa ta?

Saboda haka ƴan uwa na waje, kada ku tura kuɗi a kan hoton fuska. Ku ce a ɗauko muku bidiyon ƙarƙashi ta WhatsApp tukuna. Allah ya tsare mu da asara, ya sa a hau lafiya a sauka lafiya.